Faifan Garmaho Ko Dijital: Me Kunne Yake Ji?

Jama'a masu saurarenmu a Arlit da Akokan, da direbobin da dare ya riska a kan hanyar Tawa, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na faɗakarwa.

Yau a kan kunne za mu yi magana, da abin da muke ɗura masa. Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu son kiɗa a Turai da Amurka da Japan, ta kuma fara shigo mana ta waya. Wai wanne ya fi daɗin amo, faifan garmaho ko dijital? Musamman ga mai sauraro da babban ekutar mai tsada, irin mai rufe kunne ruf, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa hedifon. Na san wani zai ce, haba Malam, ina ruwan mutumin Arlit da gardamar masu ƙoshi? A dai yi haƙuri a saurara. Kiɗan ƙasar nan tamu yana tsakiyar wannan magana, kuma a ganina shi ne ma ya raba gardamar.

A shekarar 2008 wani matashi mai kaɗa jita, Mdou Moctar, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a garin nan, ya tafi Sakkwato ya shiga situdiyo. Situdiyon irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa ne, kiɗan kwamfuta da manhajar nan mai lanƙwasa murya. Ba kamfanin da ya buga waƙoƙin, ba kantin da ya sayar. Waya suka shiga, daga wannan kati zuwa wancan ta Bluetooth, har suka ƙetare iyaka suka kai arewacin Mali. A Kidal kuwa akwai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana musayar waƙoƙi da samari, yana kwafe abin da ke cikin katunan wayoyinsu. A 2011 ya zaɓi wasu ya buga su a faifan garmaho a ƙarƙashin kamfaninsa, Sahel Sounds, da ke birnin Portland. Sunan faifan Music from Saharan Cellphones, kuma waƙar Mdou mai suna Tahoultine tana ciki. A 2014 aka buga kundin Sakkwaton gaba ɗaya, Anar, shi ma a faifai.

To ku duba wannan tafiya. Waƙar da aka haifa a kwamfuta, aka matse ta ta zama MP3, ta sha yawo a aljihun samari, ita ce wani a Landan ko Tokyo ya saya da kuɗi masu kauri, ya ɗora mata allura, ya sa ekutar, ya lumshe ido yana yabon ɗumin amon faifai. Ba dariya nake yi masa ba. Daɗin da ya ji na gaske ne, kuɗin da ya biya kuma wani kaso ya dawo wa mawaƙan, don Kirkley ya bi sawunsu ya nemo su. Tambayata ɗaya ce. Allurar ta maido abin da MP3 ya zubar? Ba ta maido ba. Abin da babu shi a tushe, faifai ba ya ƙago shi. Sai dai ta ƙara wani abu nata na kanta, kuma sai mun san yadda faifai ke aiki za mu gane ko mene ne.

Iyayenmu sun san garmaho na farko, mai wani a hannu, mai faifai mai nauyi da ke fashewa in ya faɗi. Wannan yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe bai fi minti 3 zuwa 5 ba. Wanda ake gardama a kansa yau daban ne. Kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948. Da robar PVC ake yin sa, irin ta bututun ruwa, faɗinsa santimita 30, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti 20. A irinsa ne aka buga su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a Najeriya.

A kowane gefe tsaga ɗaya ce tak, siririya, ta taso daga baki tana kewayawa har tsakiya. Tsagar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana karkacewa daidai da yadda amon ya kaɗa iska ranar da aka ɗauke shi. Allura mai bakin lu'ulu'u tana bin ta da nauyin wajen giram 2, tana rawa, rawar ta zama ƴar ƙaramar wutar lantarki, a ƙara mata ƙarfi ta zama amo. Tun 1958 kuma bangon tsagar biyu ke aiki, ɗaya na kunnen hagu, ɗaya na dama. Hikima ce babba, ba mai musu.

Amma abu ne da ake sassaƙawa, kuma sassaƙa tana da iyaka. Amo mai kauri, irin na babban ganga, yana bukatar tsaga ta karkace sosai, har ta cinye wuri ko ta wurgo allura waje. Saboda haka mai yankan faifai yakan rage kaurin, ya ƙara wa siririn amo ƙarfi, sannan na'urar da ke gidanka ta juya lissafin. Tun 1954 aka daidaita wannan ƙa'ida. Sau da yawa kuma yakan tattara kaurin ya ajiye shi a tsakiya, kada ya karkata hagu ko dama. Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. A bakin faifai tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura wajen santimita 50 a daƙiƙa, amma a kusa da tsakiya wajen santimita 20 kacal, alhali kiɗan da za a cusa a daƙiƙar bai ragu ba. Shi ya sa waƙar ƙarshe a kowane gefe ta fi ta farko dushewa, harafin "s" ya riƙa fita da ƙaiƙayi. Masu shirya faifai sun san haka, shi ya sa sukan ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshe. Sannan ga shuuu ɗin gogar allura da roba, da ƙas-ƙas ɗin ƙura. Tazarar da ke tsakanin wannan hayaniya da amo mafi ƙarfi a faifai mai kyau wajen desibel 60 zuwa 70 ce.

Dijital kuwa ba ya sassaƙa komai, awo yake yi. A tsarin CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna amon sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo a rubuta shi da lamba ɗaya daga cikin 65,536. Akwai maganar da ake yawan yi, wai tunda yanka-yanka ne, amon dijital yana fita da gaɓa-gaɓa, na faifai kuwa sumul. Wannan ba haka ba ne. Lambobin ma'ajiya ce kawai. Lokacin da na'ura ta mayar da su wuta, sumul take fitowa, ba gaɓa ko ɗaya. Awon ya isa ya riƙe amon da ke kaɗawa har sau 22,000 a daƙiƙa, kunnen yaro lafiyayye kuwa a 20,000 yake tsayawa, na ɗan shekara 40 ya yi sa'a in ya kai 16,000. Tazarar shiru da ƙara a CD desibel 96 ce. Waƙar farko da ta ƙarshe duk ɗaya, sauraro na dubu daidai yake da na farko.

In ta ma'auni ne, gardama ta ƙare tun 1982. To me ya sa mutane masu hankali, masu kunne, suke komawa faifai, har a Amurka a 2022 aka sayar da faifan garmaho fiye da CD, karo na farko tun 1987?

Wani ɓangare na amsar laifin masu situdiyo ne. Tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar wa zai fi wani ƙara. Sai a danne wuraren da kiɗa ya yi sama, a ɗago wuraren da ya yi ƙasa, komai ya zama kai ɗaya, ba numfashi. Dijital yana jure wannan danniya, ba ya cewa uffan. Faifai ba ya jurewa yadda dijital ke yi, don haka sau da yawa sai a shirya masa nasa kwafin daban, mai sassauci. Mutum ya saurari biyun ya ce faifai ya fi daɗi, kuma gaskiyarsa. Amma hannun mai gyara ya ji, ba robar ba. Samarinmu masu situdiyo a nan da Agadas, wannan taku ce. In kun ga fitilar nan ta ma'auni ta tsaya a ja tana ƙin sauka, ba ƙarfi kuka ƙara wa waƙa ba, aske mata kai kuka yi, kuma a ekutar mai kyau ba ya ɓoyuwa.

Wani ɓangaren kuma shi ne abin da na ce allura tana ƙarawa. Tana ɗan dusar da kaifin amo, tana ɗan kauraro shi, hagu da dama suna ɗan zubo wa juna. A lissafi wannan aibi ne. A kunne kuwa mutane da yawa suna son sa, musamman a kan jita mai kaifi ko murya mai tsini. Ban ga laifin wanda ya so ba. Ya dai san kayan yaji ne aka barbaɗa, ba naman aka ƙara ba. Sai na uku, wanda nake ganin ya fi duka ƙarfi. Mai faifai yana zama ne ya saurara. Ya tashi, ya zaro, ya goge, ya ɗora allura, ya zauna minti 20 ba tsallake waƙa, ba saƙon da ke shigowa. Mai waya kuwa yana ji yana ciniki, yana ji yana tuƙa babur. Kunnen da aka ba wa natsuwa dole ya fi jin daɗi.

Ga wani labari da ya kamata duk mai wannan gardama ya sani. Akwai kamfani a Amurka, Mobile Fidelity, wanda masu kuɗi ke rububin faifansa, wani kundin fiye da dalar Amurka 100, don sun ɗauka daga zaren asali da aka ɗauki kiɗan a kansa ake yankawa kai tsaye, dijital bai taɓa shi ba. Masana sun yi shekaru suna yabo, suna cewa ga abin da dijital ba zai taɓa iyawa ba. A watan Yulin 2022 asiri ya tonu. Ashe kamfanin ya daɗe yana kwafe zaren zuwa dijital tukuna, daga nan ya yanka faifan. Aka kai ƙara kotu, aka yi sulhu a kan kimanin dalar Amurka miliyan 25. Faya-fayan ba su canza ba, daɗinsu na nan yadda yake. Abin da ya fito fili shi ne, duk tsawon shekarun nan ba kunnen da ya kama dijital ɗin da ke ciki. Galibin sababbin faya-fayan da ake bugawa yau ma daga kwamfuta suke fitowa.

Yanzu mu zo kan ekutar, don shi ke canza lissafi. Idan kana ji ta lasifika a ɗaki, amon hagu yana isa kunnuwanka biyu, na dama ma haka, bango da labule da tabarma suna shanye wani abu. Da ekutar kuwa ba ɗaki, ba tazara. Kunnen hagu nasa kaɗai yake ji, na dama nasa. Duk abin da ke cikin waƙar a tsakiyar kanka yake sauka, mai kyau da maras kyau. Ƙas ɗin ƙurar da lasifika za ta bari ya wuce, a ekutar sai ka ji kamar a cikin kunnenka aka fasa shi. Dushewar waƙar ƙarshe ta fito, shuuu ɗin tsakanin waƙoƙi ya fito. Ekutar mai tsada ba ya rufa wa faifai asiri. Abu ɗaya da faifai ya ci riba a nan shi ne zubowar nan ta hagu da dama, wadda takan sa tsofaffin waƙoƙin da aka raba kayan kiɗansu gefe da gefe su rage gajiyar da kai. Wannan kuwa akwai manhajojin waya da ke yin sa kyauta.

Kuma ba a soka ekutar a jikin garmaho haka kawai. Wutar da allura ke bayarwa ƴar mitsitsiya ce, sai ta bi ta na'urar da ke juya lissafin nan na 1954, sannan ta bi ta amfilifaya. Kowace gaɓa kuɗi ce, kowace gaɓa kuma ƙofar hayaniya ce.

Maganar tsada fa? Kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da wani ekutar, HE 1, a kan Yuro 50,000, wato sama da sefa miliyan 32. Allah ya ba mai rabo. Amma a 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon ekutar 283, bai sami wata alaƙa ta a zo a gani ba tsakanin farashi da yadda suke daidaita amo mai kauri da siriri. Ba wai na jika ɗaya a bakin tasha daidai yake da na kirki ba ne. Daga na banza zuwa na kirki akwai tazara mai nisa, kowa zai ji ta. Daga na kirki zuwa na miliyoyi kuwa tazarar ƴar kaɗan ce, kuɗin ne mai yawa. Duk da haka, in za ka kashe kuɗi wuri ɗaya, a ekutar za ka kashe, don bambancin ekutar biyu ya ninka bambancin faifai da CD nesa ba kusa ba. A nemi wanda ya zauna daidai a kunne, don in iska tana shiga ta gefe, kaurin ya gudu. Wanda bayansa ke buɗe, wanda masana suka fi yabo, na mai ɗaki shiru ne. A gidan da janareta ke kuka, yara na wasa, mai rufaffen baya ya fi amfani.

Mu a nan, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba faifai da dijital ne damuwarmu ba. Damuwarmu lalataccen dijital.

Arlit sa'ar kaset ce. Philips ya fito da kaset a 1963, kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a nan a 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1978, garin da kaset tare suka girma. A kaset ne kiɗan jitar Abzinawa ya yaɗu. Marigayi Abdallah ag Oumbadougou, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a watan Janairun 2020, a lokacin tawayen shekarun 1990 waƙoƙinsa a ɓoye suke yawo, hannu da hannu, wannan ya kwafa wa wancan. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ne ya fito fili, daga baya har ya buɗe makarantar koyon kiɗa a garin nan. Duk wanda ya riski zamanin ya san yadda kwafin kaset yake. Kamar shayinmu ne, ganye ɗaya ake ta dafawa, na farko da ƙarfinsa, na biyu ya sassauta, na uku sai ruwa da sukari. Kwafin kwafin kwafi, kafin ya iso hannunka shuuu ya fi jitar yawa.

Daga nan muka gaji wata fahimta da ba ta dace da waya ba. Mutane da yawa suna zaton waƙa tana raguwa duk lokacin da aka tura ta. A'a. In ka tura fayil ta Bluetooth ko Xender, ko ka kwafe shi daga kati zuwa kati, lambobin nan ne suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya da ke faɗuwa. Waya ta ɗari daidai take da ta farko. Inda ake asara shi ne wurin matsewa. Minti ɗaya na amon CD yana cin wajen megabait 10. MP3 mai lamba 128 yana mayar da shi wajen megabait 1. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne suka jagoranci ƙirƙiro dabarar, kuma dabara ce mai wayo, tana zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura ba, kamar ƙaramin amon da babba ya danne. In an yi sau ɗaya, da lamba mai girma kamar 256 ko 320, yawancin mutane ba sa iya bambanta shi da asali ko da ekutar mai kyau. Amma abin da aka zubar ya tafi ke nan, kuma duk sake matsewa sabuwar zubarwa ce.

To dubi hanyar da waƙa ke bi kafin ta iso mu. An matse ta a situdiyo. Wani ya ɗora ta a bidiyo ya sa a YouTube, an sake matsewa. Wani ya sauke ya mayar MP3, na uku ke nan. Wani ya sa a matsayinsa na WhatsApp, na huɗu. Wani kuma ya kara wayarsa a bakin lasifika wurin biki ya ɗauka a saƙon murya, wanda don magana aka yi shi ba don kiɗa ba. Sannan ka sa ekutar maras igiya, shi ma Bluetooth ɗin sai ya matse amon kafin ya miƙa wa kunne. In ka ji tafi ko kuge yana fita kamar ana wasa da ruwa, alamar ke nan. Kada a ɗora wa dijital laifi. Kuma mayar da irin wannan fayil zuwa 320 ba ya gyara komai, nauyi kawai ya ƙaru.

Maganin ba shi da tsada. Mawaƙi ya riƙe asalin aikinsa a WAV ko FLAC, kada ya bar situdiyo da MP3 kaɗai. FLAC yana rage nauyi kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba, kuma katin gigabait 32 zai ɗauki kundi wajen 100. In za a tura waƙa ta WhatsApp, a tura ta a matsayin fayil. Masu shagon tura waƙoƙi a kasuwa, ku nemi kwafi daga hannun mai waƙa, da izininsa. Wanda kuma ke son ya gwada kunnensa, ga hanya. Ka sami waƙa ɗaya iri biyu, ka daidaita ƙarfinsu sosai, don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake zaɓa. Ka juya baya, abokinka ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka ba, sau 10, yana rubutawa. In ka ci 9, kunnenka ya ji bambanci. In 5 ka ci, canke ne.

Wanda duk da haka ransa ya biya ya sayi garmaho a garin nan, ban hana shi ba, amma ya san ƙasar da yake. Robar faifai tana fara laushi a wajen digiri 60. A watan Mayu da Yuni inuwa ma tana wuce 40, balle cikin mota rufaffiya ko ɗakin kwano da rana tsaka. Faifan da ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. A tsaye ake jera su, ba a kife wani kan wani ba, nesa da taga. Busasshiyar iskarmu tana sa roba ta riƙa jan ƙura, ƙurarmu kuwa yashi ce, in allura ta bi ta kanta sai ta ci bangon tsaga, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ita kanta allurar tana cinyewa bayan awa 500 zuwa 1,000, ba kuma a kowane kanti ake samun ta ba. A kula da wuta ma. Tamu 220 ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 ce mai kaɗawa sau 60. Ka soka garmahon can a nan ba tiransifoma, ya ƙone. Ko da tiransifoma, in motarsa irin mai bin kaɗawar wuta ce, maimakon 33 sai ya juya kusan 28, mawaƙin ya koma yana waƙa da muryar tsoho.

Akwai abin da ya fi sayen garmaho gaggawa. Kaset-kaset ɗin da ke cikin akwatunanmu. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan organ ɗinsa a Yamai, aka yi kwafi ƙalilan a kaset. Shekaru fiye da 30 bayan nan aka ci karo da kwafi ɗaya a gidan tarihi na ƙasa, daga nan aka sake buga shi a 2013, duniya ta ji. Kundin Abdallah mai suna Anou Malane, wanda ya ɗauka a ƙasar Benin a 1995, sai a 2019 aka sake fitar da shi. Waɗannan sun yi sa'a. Nawa ne ke kwance a gidajen Arlit da Akokan, na jita da tende da bukukuwan aure da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya? Tun da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021 iyalai da yawa sun kwashe kaya sun bar gari, kuma a irin wannan ƙaura kwalin kaset ne farkon abin da ake yarwa. Zafi yana cin zaren, rediyon da ke kunna shi ma yana ƙarewa. Duk mai irin wannan ajiya ya nemi yaro mai kwamfuta, a haɗa rediyon da igiya, ba a kara waya a lasifika ba, a ɗauka a WAV, a rubuta sunan mai waƙa da shekara da wuri, a ajiye kwafi biyu a gida biyu. Kaset ɗin ma kada a yar.

Saura na'urar da ba a sayar da ita a kowace kasuwa. A cikin kowane kunne akwai ƙananan ƙwayoyin ji wajen 15,000. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Masu ɗaukar siririn amo ne ke fara tafiya, wato daidai abin da ake sayen ekutar mai tsada don a ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80, awa 40 a mako. In ya kai 90, awa 4 kacal. In ya kai 100, wanda ekutar da yawa ke kaiwa in an ƙure, wajen minti 20 ne a mako gaba ɗaya.

Wannan lissafi kuwa bai raba kiɗa da inji ba, duk a asusu ɗaya suke shiga. Ma'aikacin da ya wuni kusa da injin niƙa dutse, ko ɗan'uwanmu da ya dawo daga haƙar zinariya a Cibarakaten bayan watanni a gindin janareta da kwamfaresa, ya riga ya cinye rabonsa tun kafin ya sa ekutar. Irinsa ya bar wa kunne hutu in ya tashi aiki, kuma a wurin aikin ya sa abin toshe kunne, ba ekutar mai kiɗa don ya danne ƙarar inji ba. Ga kowa da kowa kuma, kada ƙarfin waya ya wuce kashi 60 cikin 100. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ko sai ya ɗaga murya kafin ka amsa, ka rage. Iyaye mata, ku riƙa duba na yara, musamman masu kwana da shi a kunne. Wanda ke jin kunnensa yana ƙugi ko fito bayan ya cire, ko yake jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi a cikin taro, kada ya ɗiga mai ko ya soka tsinke. Ya je asibiti a auna masa ji.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.